Fuki: Tsiron Daji Da Ya Zama Amfanin Gona A Ƙasar Japan

A ƙasar Japan, can gabas da Sin, akwai wani tsiro mai faɗin ganye wanda mutanen ƙasar su ke kira fuki. Masana tsire-tsire suna ce masa Petasites japonicus. Ba shi da suna da Hausa, don kuwa ba ya fitowa a ƙasar Hausa, amma yana da dangi a cikinta: shi da shuwaka gidansu ɗaya a lissafin masana, watau gidan tsire-tsiren da kowane kan furensu ya ke tattare da ƙananan furanni masu yawa. Ya kuwa yi gadon ɗacin gidan. Asalinsa na daji ne, yana fitowa da kansa a bakin rafuka da gindin duwatsu da gefen hanya, a Japan da Koriya da Sin da tsibirin Sakhalin. Yawancin kayan lambun da Japanawa su ke ci yau, irin su kabeji da tumatir da albasa, baƙi ne, daga waje aka kawo su. Fuki yana cikin 'yan kaɗan ɗin da aka ɗauko daga dajin ƙasar aka kai gona.

Abu biyu ne a jikinsa suka hana noman ya zama mai sauƙi kamar yadda a ke zato. Ɗaya saiwarsa, wadda ba ta zama inda aka ajiye ta. Ɗaya kuma dafin da ya ke ɓoye a bayan ɗacinsa. Manoman Japan sun fi shekara dubu suna sarrafa waɗannan biyu, har tsiron ya zama abinci da abin sayarwa. A waɗansu ƙasashen da aka kai shi, ko aka kai 'yan'uwansa, ba tare da wannan sani ba, sai ya zama ciyawa mai wuyar kashewa, ko magani mai taɓa hanta.

Siffarsa

Wanda ya san gwaza ya kusa gane fuki. Ba shi da kara tsayayye a sarari. Abin da ido ya ke gani ganye ne kaɗai, kowanne a kan dogon karansa wanda ya fito daga ƙasa. Ganyen kewayayye ne, da tsaga a gindi, siffarsa kamar ta ƙoda, faɗinsa a daji inci 6 zuwa 12. Karan ganyen ya kan kai ƙafa 2, kaurinsa kamar yatsa, cikinsa rami ne, bawonsa da zare-zare. Wannan karan ganye shi ne babban abin da a ke ci.

Ainihin jikin tsiron a ƙarƙashin ƙasa ya ke. Jama'a saiwa su ke ce masa, amma in an tona za a ga kara ne, da gaɓoɓi da idanu kamar rake. Yana tafiya a kwance, inci kaɗan ƙarƙashin ƙasa, yana tsaga rassa, kowace gaɓa tana iya jefa saiwoyi ƙasa ta kuma tura ganye sama. Manomin da ya taɓa fama da tofa ko kiri-kiri ya san wannan hali. Saboda haka fili guda mai ganye ɗari a bakin rafi, sau da yawa tsiro ɗaya ne tak, ya miƙe ƙafa.

Shekararsa ta bi sanyin ƙasar. Da sanyi ya tsananta sai ganye ya mutu, saiwa ta kwanta barci da abincin da ta tara. Sa'ad da dusar ƙanƙara ta fara narkewa, watau wajen Fabrairu ko Maris a kudancin ƙasar, Afrilu ko Mayu a arewa, sai wani toho ya ɓullo daga ƙasa, girmansa bai wuce ƙwan zabo ba, a naɗe cikin ɓawo kore-kore. Wannan tohon fure ne, sunansa fukinoto. Furen ya kan riga ganye fitowa, abin da ba kowane tsiro ne ya ke iyawa ba, sai mai ajiya a ƙasa. Ƙudan zuma da sauran ƙwari suna samunsa a lokacin da furanni ba su da yawa a fili. Japanawa kuma suna ɗaukarsa alamar sanyi ya juya baya, har aka zaɓe shi furen lardin Akita a shekarar 1954.

Akwai namiji akwai mace, kowa da gindinsa, kamar dabino da giginya. Furen namiji fari ne mai ɗan rawaya, da ya ba da garinsa sai ya bushe yana gajere. Na mace fari ne, bayan barbara karansa ya kan yi ta tsawo har ya wuce ƙafa ɗaya da rabi, sa'an nan ya saki 'ya'ya masu farin gashi irin na tumfafiya, iska ta kwashe su. Da ya ke fili guda ya kan zama tsiro guda, a kan tarar da gaɓar rafi duka maza, ko duka mata. Wannan magana za ta sake fitowa a gaba, don ita ce mabuɗin labarin nomansa.

Ƙaton na arewa

A arewacin babban tsibirin Honshu, da tsibirin Hokkaido, da Sakhalin, akwai wani irin fuki mai girman da ya wuce misali, a kan kira shi Akita-buki. Karan ganyensa ya kan kai ƙafa 6, ganyen kuwa faɗinsa ƙafa 4 zuwa 5, mutum ya fake a ƙarƙashinsa ruwa bai taɓa shi ba. Ana ba da labari cewa wani sarkin Akita na gidan Satake ya taɓa faɗa wa 'yan'uwansa sarakuna a birnin Edo, wanda a ke kira Tokyo yanzu, cewa a ƙasarsa akwai fuki da a ke yin laima da shi. Suka yi masa dariya. Da labari ya kai gida, talakawansa suka bazu cikin daji har suka samo wanda ya fi girma, aka kai Edo, aka fid da sarki kunya. Shahararren mai zane Hokusai ya zana mutane a fake ƙarƙashin wannan ganye cikin littattafan zanensa. Su kuma Ainu, mutanen asali na Hokkaido, suna da tatsuniyar waɗansu gajerun mutane, Koropokkuru, da suka zauna a ƙarƙashin ganyen fuki kafin su ɓace.

Mafi girma duka yana bakin kogin Rawan, a ƙasar garin Ashoro cikin Hokkaido. Tsawonsa ƙafa 7 zuwa 10, kaurin karan inci 4. A shekarar 2001 aka sa shi cikin jerin kayan gadon Hokkaido. An daɗe ana mamakin abin da ya sa irin nan ya ke ƙasaita a wannan kogi kaɗai. A shekarar 2021 masana na Jami'ar Kyushu suka bayyana cewa ruwan kogin, wanda ya ke gangarowa daga wajen duwatsu masu aman wuta, yana ɗauke da abincin tsiro fiye da na kogunan da ke maƙwabtaka da shi, ƙasar gaɓar kuma ba ta rabuwa da laima. Mutanen Ashoro sun taƙaita yankansa a daji, suna nomansa a gonaki, ba su kuma yarda a fita da saiwarsa daga ƙasarsu ba.

Daga daji zuwa gona

Shaidar nomansa tsohuwa ce. Littafin dokoki da tsarin fadar Sarkin Japan mai suna Engishiki, wanda aka gama a shekarar 927, ya lissafta amfanin da a ke shukawa a lambun da ke ciyar da fada, da yawan aikin da kowanne ya ke ci, fuki kuwa yana cikin lissafin tare da tafarnuwa da citta da yalo.

Amma irin da ya cika kasuwa yau bai kai haka tsufa ba. Wajen shekara 200 da suka wuce aka lura da wani gindi a yankin Chita, inda garin Tokai ya ke yanzu cikin lardin Aichi, wanda ya ke riga saura fitowa, karansa dogo ne mai taushi, ɗacinsa da sauƙi. Aka yi ta raba saiwarsa maƙwabci zuwa maƙwabci. Shi ne a ke kira Aichi-wase, watau mai saurin Aichi. Mace ce, ba ta kuma yin iri. Dalili kuwa, a cikin ƙwayoyin halittar jikin tsiro akwai zarurrukan da ke ɗauke da gado, yawanci jeri biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Ita wannan jeri uku gare ta, ba ya rabuwa daidai, don haka ba ta ɗaukar 'ya'ya, kamar dai ayabar da a ke ci. Ashe ke nan duk gonakin Aichi-wase da ke Japan, daga Aichi har Osaka, yankakken jikin gindi ɗaya ne.

Wannan yana da daɗi yana kuma da haɗari. Daɗinsa, amfanin ya kan fito bai ɗaya, ɗan kasuwa ya san abin da zai saya. Haɗarinsa, cutar da ta shiga saiwa tana bin ta daga gona zuwa gona shekara da shekaru, babu iri sabo da zai wanke ta, kuma abin da ya iya kashe gindi ɗaya ya iya kashe duka. Maganin da aka samu shi ne a yanki ɗan mitsitsin kan toho, inda cuta ba ta riga ta kai ba, a rene shi cikin kwalba a ɗakin bincike har ya zama tsiro, sa'an nan a raba wa manoma. Ta wannan hanya ma'aikatan binciken gona na Osaka suka fitar da wani layi mai ƙarfi daga cikin tsohon irin.

Lardin Aichi shi ne kan gaba wajen nomansa. Yankin Chita dā ƙasa ce mai ƙarancin ruwa, ba ta da babban kogi, sai tafkunan da aka haƙa. A shekarar 1961 aka buɗe babbar hanyar ruwa ta Aichi wadda ta jawo ruwan kogin Kiso zuwa can, noman abin da ke son ruwa ya sami sauƙi.

Yadda a ke nomansa

Fuki yana son abin da ya saba da shi a gindin dutse: inuwa rabi rana rabi, ƙasa mai taushi mai ruɓaɓɓen ganye, da laima wadda ba ta yankewa. Saiwoyinsa ba su nitsa da zurfi, saboda haka fari na 'yan kwanaki ya isa ya sa ganye ya yanƙwane, kara ya yi tauri. Kwantaccen ruwa kuma ruɓar da shi ya ke yi. Rana mai zafi tana ƙona gefen ganyen. Don haka mai ƙaramin lambu ya kan sa shi a gefen gida inda rana ba ta daɗewa, ko a ƙarƙashin itatuwa.

Ba a shuka iri. A kan tono saiwa lafiyayya, a yanka ta guntu-guntu, kowane guntu inci 4 zuwa 6 mai idanu uku ko huɗu. A kwantar da su cikin kunya, tsakaninsu kamar ƙafa ɗaya, a rufe da ƙasa inci 2 zuwa 4, a shimfiɗa tattakar shinkafa a kai don ta riƙe laima. Shekarar farko ba a yanka kome, a kan bar ganye ya ciyar da saiwa. Daga shekara ta biyu a ke yanka karan ganye daga gindi da lauje, a bar waɗansu. Mai haɗama da ya share fili duka, ko ya tsince tohon fure bai bar kome ba, baɗi zai ga sakamako a siraran kara. Bayan shekara huɗu ko biyar saiwoyi su kan cushe su danne juna, sai a tone a raba a koma sabon wuri.

Manoman kasuwa na Aichi sun ƙara wata dabara. Da ya ke saiwar ba ta farkawa sosai sai ta sha sanyi, su kan tone ta da farkon zafi su ajiye ta cikin ɗakin sanyi na 'yan makonni, sa'an nan su dasa wajen ƙarshen Agusta ko Satumba. Saiwa ta ɗauka sanyi ya zo ya wuce, sai ta tashi. Da wannan, da rumfunan leda masu riƙe ɗumi, suna yanka tun daga Oktoba har Mayu, alhali na daji watanni biyu ko uku kawai ya ke yi.

Cikin cututtukansa akwai wata farar fumfuna da ke kama gindi lokacin zafi da laima, ta ruɓar da shi. Ita ce dai wadda ta ke ruɓar da gindin gyaɗa a ƙasashe masu zafi. Akwai kuma tsutsar wani malam-buɗe-littafi na dare da ke huda kara ta zauna cikin ramin.

Babbar doka ita ce a yi masa iyaka tun ranar dashe. A kan binne allo ko kwano a tsaye kewaye da wurin, ko a dasa cikin babban tukunya. In an bar shi ya shiga gonar maƙwabci, noma da garma ba ya kashe shi, sai ma ƙara shi, don kowane guntun da garma ta yanka sabon gindi ne.

Ɗaci da dafi

Ba a cin fuki ɗanye. Matan Japan su kan yanke ganye, su barbaɗa wa karan gishiri, su murza shi a kan katako, su jefa cikin tafasasshen ruwa mai yawa na 'yan mintoci, su tsame zuwa ruwan sanyi, su ɓare zaren bawon, sa'an nan su jiƙa shi suna sake ruwa. Mai wanke shuwaka ko mai jiƙa rogo mai ɗaci ba za ta ga baƙon abu a nan ba. Bayan haka a kan dafa shi cikin romo, ko a daɗe ana dafa shi da ruwan waken soya mai gishiri da sukari har ya yi baƙi, ya daɗe bai lalace ba. Tohon furen kuma a kan tsoma shi a ƙullu a soya, ko a yayyanka a gauraya da miso, wani abin ɗanɗano na waken soya mai kama da daddawa. Saiwar kuwa ba a cinta ko kaɗan.

Kakanni don ɗaci suka yi wannan wanki, amma ya yi musu aikin da ba su sani ba. A jikin fuki akwai wani dafi daga cikin waɗanda masana su ke kira pirolizidin. Shi da ɗacin ba abu ɗaya ba ne, harshe ba ya iya auna shi. Ba ya kuma kayar da mutum nan take. Sai ya isa hanta, ita hantar ta juya shi ya zama abin da ke cin ƙananan jijiyoyin jininta, su toshe, ciki ya tara ruwa ya kumbura, wani lokaci ido ya yi rawaya. A cikin shekarun 1970 masana a Japan suka ciyar da ɓeraye da shi, waɗansu suka yi ƙari a hanta. Sa'ar da aka yi, dafin yana narkewa cikin ruwa. A shekarar 2018 Ma'aikatar Gona ta Japan ta fitar da sakamakon awon da ta yi, ta ce tafasawa da jiƙawa suna rage shi ƙwarai, gwargwadon daɗewar jiƙon gwargwadon raguwarsa, ta kuma gargaɗi jama'a kada su bar wannan al'ada, kada kuma su yi ta ci da yawa kullum. Masu tsintar toho a daji suna da wani abin tsoro dabam, don akwai tsiro biyu masu mugun dafi da tohonsu ya yi kama da fukinoto, an kuwa sha kwantar da mutane asibiti saboda wannan kuskure.

Ɗan'uwansa na Turai

A Turai akwai wani na wannan dangi, Petasites hybridus, mai fure ja-ja, shi ma a bakin rafi ya ke zama. Sunan dangin daga Girkanci ya fito, daga kalmar da ke nufin malafa mai faɗi. Mutanen Ingila suna ce masa butterbur, don dā da ganyensa su ke ƙunshe man shanu lokacin zafi. Jamusawa kuma suna kiransa saiwar annoba, don a zamanin annoba an sha ba majinyata saiwarsa, ko da ya ke ba ta warkar da su ba. A yawancin Ingila maza kaɗai a ke samu, mata sai a waɗansu gundumomin arewa, alamar cewa hannun mutum da saiwa ne suka yaɗa shi, ba iri ba. Wani ɗan'uwansu mai ƙanshi, wanda aka kawo daga ƙasashen Bahar Rum don ado, ya tsere daga lambuna ya mamaye gefen hanyoyi a Ingila da Ailan, ga shi kuwa duka maza ne, bai taɓa yin ƙwaya ɗaya ta iri a can ba. Shi kansa fuki na Japan da aka kai arewacin Turai don ƙawa ya yi irin wannan fita.

Turawa ba su mai da nasu abinci ba, magani suka yi da shi. An tatso wani abu daga saiwarsa aka yi ƙwayoyi don matsanancin ciwon kai na ɓari ɗaya, masu yi suna cewa sun cire dafin. A shekarar 2012 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya ta Amurka ta sa shi cikin abubuwan da ke rage yawan tasowar wannan ciwo. A cikin shekarar nan kuma hukumar kula da magunguna ta Ingila ta nemi 'yan kasuwa su janye shi, saboda rahotannin ciwon hanta ga waɗansu masu sha. A 2015 likitocin Amurka su ma suka janye shawararsu.

Abin da ya shafi ƙasar Hausa

Fuki ba zai yi a ƙasar Hausa ba, don babu sanyin da zai kwantar da saiwarsa, zafin bazara kuma ya fi ƙarfinsa. Amma dafin nan ba nasa ba ne shi kaɗai. Yana cikin tsire-tsire masu yawa na ƙasashe masu zafi, har da kalkashin korama, wanda ya ke fitowa a bakin fadama, a ke kuma sa shi cikin magungunan gargajiya. Ta hanya biyu ya ke shiga jikin mutane: ta tsimi da jiƙon da a ke daɗewa ana sha, da ta irin ciyawa da ya gauraya da hatsi a masussuka. A arewa maso yammacin Afganistan, tsakanin 1974 da 1976, bayan fari, irin wata ciyawa 'yar dangin kalkashin korama ya shiga cikin alkama aka niƙa tare, aka ƙiyasta mutum wajen 7,800 sun kamu da ciwon hanta, da yawa suka mutu. Yara sun fi manya saurin kamuwa, dabbobi ma suna mutuwa da shi in kiwo ya yi ƙaranci suka faɗa wa abin da dā su ke ƙi.

Saboda haka in dagaci ya kawo wa hakimi labarin mutane da yawa a gari guda, ko gida guda, suna kumburin ciki ba a san dalili ba, ya kamata malamin hakimi ya rubuta daga wace gona ko wace kasuwa hatsinsu ya fito, da irin jiƙon da su ke sha, a ɗebi kaɗan daga hatsin tun ba a sheƙe shi ba, a aika da shi tare da takardar zuwa ga ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma.